Goran da Ba a Yi wa Marfi

Duma sunansa ɗaya muddin yana kwance a gona ko yana reto a jikin danga. Ranar da wuƙa ta taɓa shi, ranar yake samun sunan da zai tsufa da shi. Mai faɗi in aka raba shi biyu ya zama ƙwarya, in babba ne ƙwarai masaki, ƙaramin kuwa ƙoƙo. Mai dogon wuya da ɗan kai, a tsaga shi a tsaye, an sami ludayi biyu. Wanda aka yanke wa baki kawai aka fafe cikinsa, gora ne ko buta ko jallo, gwargwadon girmansa da aikin da aka nufe shi da shi. Dogon nan siriri, in mace ta zura hannu a cikinsa da lalle zunguru ne, in 'yan mata suka buga shi a cinya shantu ne. Ɗan mitsitsin da almajiri ke zuba wa tawada kurtu ne. Ko bayan ƙwarya ta fashe Bahaushe bai bar ta babu suna ba: ɓallin da aka gyara don kwasar tuwo mara ce, wanda aka yar a bayan gida sakaina.

Harshe ba ya ɓarnar suna. Abin da mutane ba su cika taɓawa ba, kalma ɗaya ta ishe shi. Abin da hannu ke kai wa safe da yamma shi ake rarrabe wa sunaye, domin uwa tana bukatar ta aiki yaro ɗaki ya ɗauko abin da take nufi ba wani ba. Yawan sunayen duma shaida ce cewa a da shi ne kwanon gida, shi ne cokali, shi ne abin awo, shi ne abin kiɗa. Da shi masunta ke shiga ruwa a Argungu, su kwanta a kan goransu suna jan homa. A kansa ake shimfiɗa fatar goge da ta gurmi. Marigayiya Barmani Coge, wadda ta rasu a 2013, da ƙore ta cika fagen biki shekaru da dama, ba da wata ganga ba.

Unguwar Boro tana kudancin kogin Kaduna, cikin ƙaramar hukumar Chikun, maƙwabciyar Sabon Tasha, a bakin hanyar Kachia da ke wucewa ta wajen matatar man da aka buɗe a 1980. Yankin ƙasar Gbagyi ne tun asali, kuma wanda ya san Gbagyi ya san matansu da ɗaukar kaya a kafaɗa cikin babbar ƙwarya, don a wurinsu kai ya fi ƙarfin a ɗora masa kaya. Yau unguwar ta tara Bajju da Atyap da Ham da Adara da Ibo da Yarbawa da sauran jama'a, kuma Hausa ce ke haɗa su a kasuwa da cikin Keke Napep da bakin famfo. Ba na cikin masu raina wannan Hausar. Rayayyiya ce, tana ciniki, tana faɗa, tana sulhu, tana neman aure. Sai dai ka tsayar da yaron da aka haifa a nan ka tambaye shi masaki, ko jallo, ko mara, ka ga yadda zai dube ka. Ƙwarya ya san ta a kan mai tallar fura da nono, idan ita ma ba ta koma roba ba. Ƙoƙo ya gan shi a gidajen burkutu. Sauran kuwa sai ranar raye-rayen gargajiya a makaranta, a fito da su a yi ado, a mayar.

Abin da ya faru da kalmomin nan iri biyu ne. Waɗansu sun yi ƙaura suka bar duma a baya. Buta ta koma roba ba ta sake suna ba, ludayi ya koma ƙarfe da roba, gora ya koma abin zuba ruwan sha da lemo, har da yawa gorar ruwa suke cewa yanzu, sun mayar da shi mace. Waɗansu kuma sun fake a cikin magana. Idan aka rantsar da sabon gwamna sai a ce bari mu ga kamun ludayinsa. Wanda duniya ke yi da shi a ce ludayinsa na kan dawo. Muna miƙa ƙoƙon bara ga hukuma, muna shiga ƙwaryar gari, muna jin ciwo a ƙoƙon gwiwa. Mukan ce ban da tuna baya, gyartai ya ci sarauta, alhali samarinmu da yawa ba su taɓa ganin gyartai zaune da basilla yana ɗinke tsagaggiyar ƙwarya ba, balle su san dalilin da ya sa ba ya son a tuna.

Karin maganar da ta fi damuna ita ce ba a fafe gora ranar tafiya. Kowa na faɗinta, kowa ya san tana nufin a shirya da wuri. Amma wanda ya taɓa fafe gora ya san wani abu fiye da haka. Ya san cikin duma ɗaci ne da shi, ba ya fita da wanki ɗaya. Sai an ƙwaƙule ɓargon, an zuba ruwa an bar shi ya jiƙa, an zubar, an sake, ana girgiza shi da tsakuwa, kwana da kwanaki, kafin ruwan da aka zuba a ciki ya shawu. Wanda ya fafe ranar tafiya ba makara kaɗai ya yi ba: zai kai tsakiyar daji da ƙishirwa, ya kafa kai, ya tarar da ruwan da ba ya haɗiyuwa. Karin maganar tana nan, amma ɗacin ya fita daga cikinta, kuma ɗacin nan shi ne ƙarfinta.

Akwai aiki ɗaya da duma ke yi wanda bai sami sunansa na kansa ba, kuma shi ya sa ni wannan rubutu. Masu kiwon tattabaru a karkarar Zariya da Kano da Katsina sun daɗe suna rataye tsohuwar tukunya, ko babban gora da aka huda wa ƙofa, a ƙarƙashin rufin ɗaki ko a reshen bishiyar tsakar gida. Tattabara ta shiga, ta jera 'yan tsinkayenta, ta yi ƙwai biyu, ita da mijinta su yi karɓa-karɓar kwanci kamar kwana 18, su ciyar da 'ya'yan da wani farin ruwa mai kauri da ke fitowa daga maƙoshinsu. A Unguwar Boro ma akwai samari masu sha'awar tattabaru, sai dai abin da za ka gani a bangonsu jarka ce da aka yanke wa gefe, ko kwali, ko akwatin katako. Jarka tana aiki, amma wanda ya taɓa sa hannu a cikinta da azahar a watan Maris ya san abin da ɗan tsakon da bai yi gashi ba ke sha. Gora ba ya ɗaukar zafi haka, ba shi da nauyi, kuma cikinsa na da kaushin da ƙafar tsako za ta kama.

Inda wannan aiki ya fi shahara ba a nan ba ne, a gabashin Amurka ne, kuma labarin ya cancanci a tsaya a kansa. Akwai wata babbar tsattsewa a can, namijinta baƙi mai sheƙin shuni, wadda mutanen ƙasar ke ce wa martin. Asalinta a kogon itace take yin ƙwai. Mutanen farko na ƙasar, irin su Choctaw da Chickasaw, sukan sassabe rassan ƙaramar bishiya kusa da gidajensu, su rataye fafaffun goruna a jiki, tsuntsayen su zo su zauna. Masanin tsuntsaye Alexander Wilson, wanda ya fara fitar da littattafansa kan tsuntsayen Amurka a 1808, ya rubuta labarin haka, ya kuma ce baƙaƙen fatar da ke bakin kogin Misisifi suna kafa dogayen sanduna da goruna a kansu. Tsuntsuwar tana cin ƙwari a sama, tana kuma taruwa ta kori shaho da hankaka, saboda haka zama kusa da ita akwai riba. A hankali ta saba da mutum har ta bar kogon itace. Yau a gabas da duwatsun Roki kusan dukkan irinta a gidan da ɗan Adam ya tanada suke haihuwa. In sanyi ya matso su tashi zuwa Kudancin Amurka, mafi yawa Brazil, in lokaci ya yi su dawo, sau da yawa sandar da suka bari bara ita suke nema. Da za a wayi gari mutane sun daina rataye musu gora da akwati, da sun shiga uku. Ga kuma tsuntsayen da aka kawo daga Turai, ciki har da waɗanda aka saki a birnin New York a 1890, suna ƙwace musu gida. Shi ya sa a 1987 aka kafa ƙungiya guda a jihar Pennsylvania don kula da wannan tsuntsuwa kaɗai. Can ma roba ta bi duma: ana ƙera goran roba mai siffar na gona, kuma gora ake ce masa.

Shi kansa duman nan ɗan Afirka ne. Masu tonon tarihi sun same shi a nahiyar Amurka tun kimanin shekara 10,000 da suka wuce, kuma wani binciken ƙwayoyin halitta da aka fitar a 2014 ya nuna cewa daga Afirka ya je, a kan ruwa, igiyar teku ta ɗauki busassun 'ya'yansa ta haye da su, irin da ke ciki bai mutu ba. Nakan yi tunanin bawan da aka raba da ƙasarsa da harshensa da sunansa, aka kai shi bakin Misisifi, ya ga wannan tsiro ɗaya da hannunsa ya riga ya sani. Abin da ya yi da shi, cikin sauran abubuwa, shi ne ya gina wa mai fiffike gidan da ba a kullewa.

Aikin kansa ba shi da wuya, haƙuri yake ci. Ana shuka duma da farkon damina, a bar shi ya hau danga ko rumfa. Furensa fari ne, da yamma yake buɗewa. Ba a cire ɗan sai mariƙinsa ya bushe ya zama ruwan ƙasa, domin wanda aka tsinka ɗanye ruɓewa yake yi. Sai a ajiye shi inda iska ke ratsawa, kada ya taɓa ƙasa mai laima, ana juya shi lokaci zuwa lokaci. Hunturun Kaduna yana taimakawa ƙwarai. Fumfunar da ke fitowa a bayansa ba cuta ba ce, kankarewa ake yi. Ranar da ka ɗaga shi ka ji ba nauyi, ka girgiza ka ji iri na kacau-kacau a ciki, ya isa yanka. Ƙofar a gefe ake huda ta, sama da gindi sosai, yadda tsako ba zai mirgino ba. Girmanta shi ke zaɓar baƙon: ga ƙananan tsuntsaye irin su gwara, faɗin santimita 3 ko ɗan fi, ga tsattsewar Amurka kamar santimita 5 ake yi, tattabara kuwa sai babban gora da ƙofar da dunƙulen hannu zai shiga a sake. Ta nan ake ƙwaƙulo ɓargo da iri da lanƙwasasshen ƙarfe. A huda ƙananan ramuka uku ko huɗu a gindi don ruwan da ya shiga ya tsiyaye, biyu a wuya don igiya ko waya. Mutanen Amurka suna shafa wa nasu farin fenti a waje don ya kore zafin rana, cikin kuwa ba a taɓa shi. Kada a sa ɗan tsinken tsayawa a bakin ƙofa. Tsuntsuwar ba ta bukatarsa, hankaka ne zai ji daɗinsa. Sannan a rataye nesa da inda kyanwa ko ɓera ko maciji zai iya kaiwa, a juya ƙofar ta ba gabas baya, don kowa a Kaduna ya san daga inda hadari ke tasowa.

Tsuntsaye suna bukatar wannan a unguwa irin Boro, kuma dalilin a bayyane yake. Ba kowane tsuntsu ke saƙa sheƙa a reshe ba. Cilakowa rami take nema a jikin itace, ta shiga ta liƙe ƙofar sai ɗan tsagin da namiji zai riƙa miƙo mata abinci. Tsirya da mujiya da gwara duk 'yan rami ne. Rami kuwa a tsohuwar bishiya yake, kuma tsohuwar bishiya ita ake fara sarewa in za a yanka fuloti ko a ƙona gawayi. Gidan ƙasa na da, da rufin ciyawa, yana da lunguna da tsaguna da yawa. Gidan bulo mai silin da rufin kwano da aka toshe ko'ina bai bar ko ɗaya ba. Unguwa tana faɗaɗa ta wajen Kamazou da Mahuta, abin farin ciki ne mutum ya mallaki muhalli, amma kowane sabon gini yana tashin waɗansu mazauna da ba su da bakin kai ƙara.

To, me za mu kira wannan gora? Ba keji ba ne. Keji marfi gare shi, kuma makullin yana hannun mai kanari. Kukan da kanari ke yi a ciki mai daɗi ne, amma ba a tambaye shi ba. Ba akurki ba ne, don akurki rufewa ake yi da magariba, kuma kazar da ke ciki dukiya ce, ranar salla ko Kirsimeti na jiranta. Ba sheƙa ba ce, domin sheƙa aikin tsuntsu ne, da bakinsa yake yin ta, ɗan Adam bai iya ba. Kogo kuwa na itace ne, shekaru ke sassaƙa shi. Gidan tsuntsu da ake cewa bai yi laifi ba, amma gida kalma ce mai faɗi, har kurkuku gidan yari ake ce masa.

Kalmar da na ga ta dace ita ce masauki. Bahaushe ya san masauki sani na haƙiƙa, don shi matafiyi ne. Fataken da suka riƙa bin hanyar Gwanja neman goro, su kai har Salaga, ba su isa ko'ina ba sai da zango da mai masauki. Zauren gidan malam ko na mai unguwa a buɗe yake ga wanda dare ya yi wa. Dokar masauki kuwa a sarari take ko da ba a rubuta ta ba: mai gida shi ke shara da shimfiɗa, baƙo shi ke zaɓar ranar zuwa da ranar tafiya. Ba ka da ikon tsare shi, ba ka da ikon jawo shi. Kana iya gyara ɗaki ya shekara ba wanda ya kwana a ciki, kuma hakan bai sa gyaran ya zama banza ba. Haka goran nan yake. Za ka iya rataye shi damina ta wuce ba abin da ya shiga sai gizo-gizo ko zanzaro. Wanda ba zai jure wannan ba, keji yake so, gara ya faɗa wa kansa gaskiya.

Ba zan ɓoye ba, goran mai tattabaru rabin masauki ne. Mai su yana ciyar da su don ya sayar ko ya yanka 'yan shila, kuma babu aibu a cikin haka. Amma ko shi ya san iyakarsa. Tattabara a sake take yini, kuma in ruwa ya yanke, ko ɓera ya dame ta, ko ƙuma ta yi yawa, sai ta kwashe ta koma gidan maƙwabci, ba wanda zai kai ta ƙara. Shi ya sa masu kiwonta suke cewa ba a riƙe ta da igiya, da kyautatawa ake riƙe ta. Cikakken masauki shi ne wanda aka rataye wa tsuntsun daji, wanda ba za ka ci namansa ba, ba za ka sayar da shi ba, ba zai ma san kai ka yi ba.

A Kaduna kalmar masauki tana da nauyin da ba ta da shi a wasu garuruwa. Rikicin watan Fabrairu da na Mayun 2000, da na Nuwamban 2002, sun sa dubban iyalai sun kwashe abin da ya saura suka haye gada, Kiristoci da yawa suka yi kudu, Musulmi da yawa suka yi arewa. Unguwannin wannan gefe sun cika da mutanen da wani ya buɗe wa ɗaki a daren da ba su da inda za su, haka ma unguwannin wancan gefe. Akwai kuma waɗanda maƙwabcin da ba addininsu ɗaya ba ya ɓoye su a ƙuryar ɗakinsa, ya sa ransa a kasada. Ba na ɗora wa ɗan gora nauyin da ya fi ƙarfinsa. Ba zai haɗa garin da ya rabu ba, ba zai mayar da kowa tsohuwar unguwarsa ba. Abin da nake cewa shi ne yaran da aka haifa bayan 2002 sun girma cikin katanga mai tsawo da waya a kanta da ƙofar ƙarfe, kuma kusan duk abin da aka koya musu game da ƙofa shi ne yadda ake kulle ta. Iyayensu ba su yi laifi ba, abin da suka gani ne. Amma yana da kyau a ce a cikin gidan akwai ƙofa ɗaya, ko da faɗin yatsa biyu ce, wadda yaro ya huda da hannunsa don wani ya shigo.

Littattafan da ake karantawa a gefe biyu na kogin duk sun san wannan tsiro da aikin fakewa. A cikin Suratus Saffat an ba da labarin Annabi Yunusa, bayan ya fito daga cikin kifi ba lafiya, Allah ya tsirar masa da wani tsiro mai yaɗo ya lulluɓe shi, kuma malaman tafsiri da yawa sun ce dangin kabewa da duma ne. A Littafi Mai Tsarki ma, babi na 4 na littafin Yunusa, akwai tsiron da ya yi masa inuwa a bayan garin Nineba. Hadisi ingantacce kuma ya nuna cewa wanda ya yi shuka, tsuntsu ya ci daga cikinta, an rubuta masa sadaka. Saboda haka malamin Islamiyya da malamin makarantar Lahadi ba wanda zai rasa abin da zai faɗa wa yara a kan wannan aiki, kowa daga littafinsa.

Roƙona ga iyaye da malaman makarantun Unguwar Boro da Sabon Tasha da kewaye shi ne kada a jira wata ƙungiya ko wani tallafi. Irin duma yana wurin masu sayar da ƙore a kasuwa da 'yan uwanmu da ke zuwa daga ƙauye, sau da yawa kyauta za a ba ka. Gindin katanga ya ishe shi, ba ya neman fili. A shuka shi in ruwa ya zauna a watan Mayu ko Yuni, a bar yara su yi masa rumfa, su jira shi ya bushe, babba ya riƙe wuƙa su kuma su ƙwaƙule ciki. A hana su danƙo a kusa da inda aka rataye shi. Wanda kuma ke da tsohuwar bishiya mai rami a fulotinsa, ya sake duba zanen gininsa kafin ya kira mai zarto, don goruna goma ba su kai ta ba.